Ruwan Gidan Duba-gari

Yanzu na kai shekarun da nake neman carbina alhali yana rataye a wuyana. Jikoki ma sai na bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya kafin in faɗo kan wanda nake kira. Amma akwai rana guda da ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa: ranar da na kusa raba mijina da aikinsa da mutuncinsa a gaban mutanen Unguwar Sarki, da kwalbar ruwa guda, kuma da kyakkyawar niyya.

Ni ban yi boko ba. 'Yata ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Ita 'yar fari ce, ba na kama sunanta. Shi kuwa miji ne, sama da shekara hamsin ban kama nasa ba, ba yau da yake kwance a makwancinsa zan fara ba. Damina uku ke nan da rasuwarsa, kuma har yanzu in an yi sallama da la'asar sai in ɗaga kai. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. In kun ji magana ta tsinke a wani wuri, kuka ne ya ci ƙarfina, ku yi mini haƙuri.

Abin ya faru ne 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. Lokacin ba a daɗe da kawo ni daga Rigachikun ba, ina da goyon wannan da ke rubutu. Malam duba-gari ne. 'Yan yanzu ba su san duba-gari ba. Ma'aikacin tsabta ne mai kaki da gajeren wando, yana yawo gida-gida da tocila da wani dogon ludayin ƙarfe. Zai yi sallama, mata su shige ɗaki, ya leƙa makewayi, ya leƙa kwata, sannan ya zo kan randa. In ya haska ya ga wani abu yana motsi a ciki, ba ya cewa uffan, kifar da ita yake yi. Ruwan da mace ta sha wahalar tarawa tun asuba sai ya bi tsakar gida, shi kuma ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa ya fita.

Don haka ba sai na gaya muku irin son da matan unguwa ke mana ba. In na shiga gidan suna sai in ji an ce, "A rufe randa, ga matar hukuma." Wadda ta fi kowa kuwa ita ce maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai sayar da waina, kowa Iya yake ce mata. Katanga ɗaya ta raba mu. Sau uku Malam yana kifar mata da randa, kuma kowane karo sai ta zo jikin katangar ta ɗaga murya kamar da kajinta take magana: "Allah ya nuna mini ranar da za a leƙa ta wani. Ba na roƙon Makka, ba na roƙon zinariya, wannan kaɗai nake roƙo."

Shi Malam mutum ne mai magana kamar ana auna masa ita da cokali. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma kuma bai taɓa gaya mini dalilin komai ba. Tun ranar da na tare ya ce duk ruwan da za a sha ko a yi abinci da shi a gidan nan sai an dafa shi. Na ce, "Malam, ruwa kuma? Ai ba nama ba ne." Ya ce, "Haka ake yi." Shi ke nan. Kullum ina ƙona itace a kan ruwan da in ya dahu ma ruwa ne, ina cewa a raina wannan ɗaya ce daga cikin lalurorin boko, Allah ya yaye masa.

A lokacin akwai wani abu da ake yi wata-wata a makarantar elementaren unguwarmu, ana ce masa lacca. Malamai ne ke zuwa daga babbar makarantar Zariya, ranar Asabar bayan la'asar, su tara maza su yi musu bayanin duniya. Wannan watan a ce ƙasa zagaye take tana juyawa, wani watan a yi maganar jefa ƙuri'a, wani kuma takin zamani. Malam ba ya fashi, don shi ne ma tafinta in mai laccar Bature ne. Amma in ya dawo na ce, "Yau me aka ce?" sai ya ce, "An yi bayani." Labarin juyawar ƙasa ma ta kan katanga na ji shi, Iya na gaya wa mai sayen waina cewa ita shekara sittin ƙofar ɗakinta na kallon gabas, ba ta taɓa tashi ta tarar da ita a yamma ba.

Sai wani mako mai shela ya zaga ya ce laccar wannan karon a kan ruwan sha ce, wani babban likita ne zai zo, kuma an ce har mata su fito, tunda su ke riƙe da randa. Unguwa ta ɗauka. Wasu mazan suka hana, wasu suka bari. Malam ya ce in shirya zan je.

Ranar Asabar da sassafe na ga ya ɗauko wata kwalba mai duhu, irin ta maganin tari, ya sa ta a tukunya ya tafasa da hannunsa. Da ta huce ya miƙo mini.

"Amarya," haka yake kirana, har muka yi furfura bai sauya ba, "ki cika wannan da ruwan randarmu. Likitan da zai zo ke so."

Na ce, "Likitan da kansa?"

"Da kansa. Zan dawo da azahar in ɗauka."

Ya sa hularsa ya fita. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan, Allah shi ne shaida. Da ya ƙara kalma biyar da ba a yi abin da aka yi ba.

Na zauna da kwalba a hannu ina tunani. Babban mutum zai taso tun daga Zariya cikin wannan zafin bazara. Duk faɗin Kaduna, da gidajen manya da na Turawa 'yan'uwansa, bai ce a kawo masa ruwan kowa ba sai namu. Wato ya ji labarin gidan duba-gari ne kaɗai ake dafa ruwa. Kaina ya yi girma. Sai na ɗebo ruwan a moɗa na kurɓa, na ji shi yadda na san shi: lami, ga ƙaurin hayaƙi. Nan take na ji muryar uwata a kunnena. A gidanmu a Rigachikun ba a ba baƙo ruwa tsura. Ko matafiyi ne ya tsaya a ƙofar gida, sai an ɗan dama masa fura a ciki, ko a tsiyaya masa ɗan tsami, don ya san gidan mutane ya zo. Uwata takan ce ruwa tsura na alwala ne da na jaki. To ni in aika wa likita guda ruwan jaki? A ce matar Malam ba ta da tarbiyya?

Ina da kamu na kwana uku a ƙwarya, ya yi tsami mai daɗi, ruwansa ya kwanta a sama garau. Na tsiyayo shi a hankali, na tace da sabon kallabina har sau biyu. Na haɗa da ruwan randa, na ɗiga zuma, na jiƙa saiwar jema a ciki don ƙamshi, na sake tacewa. Na ɗanɗana. Wallahi ko sarki aka ba sai ya nemi ƙari. Na ɗura a kwalba na toshe, na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma don ta yi sanyi.

Da azahar Malam ya dawo. Ya ɗaga kwalbar, amma duhunta bai bari ya ga komai ba.

"Na randa ne?"

"Na randa ne, Malam."

Ban yi ƙarya ba, galibinsa na randa ne. Sauran na bar shi ne ya zama abin mamaki, in likita ya yaba, Malam ya dawo ya san irin matar da ya aura. Ya kuwa sani.

Bayan la'asar na goya yarinya na yafa mayafi muka tafi. Ɗakin makarantar ya cika maƙil, har a tagogi mutane. Maza a gaba kan benci, akawuna da malaman allo da 'yan kasuwa, mu mata a baya kan tabarmi, an gitta asabari tsakani wanda bai kai ƙirjin mutum ba. A kujerar gaba ga shugaban su Malam a wurin aiki, wani mai tabarau da ba ya murmushi. Iya ta zauna dab da ni, ba don so ba, don wurin ne ya rage.

Likitan Bature ne dogo, wuyansa kamar na zalɓe, zafi ya mai da shi ja wur. Na tausaya masa, na ce a raina yi haƙuri, bawan Allah, maganin ƙishinka na nan tafe. A kan tebur ga wani ƙarfe mai wuya a lanƙwashe da ake leƙawa ta sama, aka ce madubin likita ne, yana mai da ƙaramin abu babba. A gefensa kwalabe biyu: wata fara, da tawa mai duhu. Malam na tsaye kusa da shi, kakinsa ya sha guga.

Likita ya yi ta magana Malam na juyawa. Ya ce a cikin ruwa akwai halittu masu rai da ido ba ya gani, su ke kawo gudawa da zazzaɓin da ke kwashe yara, kuma wuta na kashe su. Wani dattijo ya ce abin da ido ba ya gani ai aljani ne, a faɗa masa da sunansa kawai. Aka yi dariya. Ni kuwa rabin hankalina na kan tebur. Abu ɗaya ke damuna: ban ga kofi ba. Na ce to ko da bakin kwalba Turawa ke sha.

Can sai Likita ya dafa kafaɗar Malam ya yi wata doguwar magana. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya ce ba laifi."

Wani akawu daga gaba ya ce, "A'a, Malam, juya mana duka! Cewa ya yi ba gidan da ya kai naka tsabta a unguwar nan, kuma yau za a gwada ruwan gidanka da na kogi kowa ya ga bambanci!"

Iya ta yi tsaki har sai da yarinya ta motsa a bayana. Ni kuma na ce a raina: A gwada? Ba sha za a yi ba?

Aka fara da farar kwalba, ruwan Kogin Kaduna. Likita ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi ya sa a ƙarƙashin madubi, aka yi layi, maza tukuna. Dattijon nan mai maganar aljani ya leƙa, ya yi baya da sauri har hularsa ta faɗi. "A'uzubillahi! Gashi gare shi! Yana iyo!" Da aka zo kan mata na leƙa ni ma. Na ga wani fili mai haske, wasu 'yan abubuwa uku ko huɗu suna kai da kawowa, ɗaya mai gashi-gashi, siffarsa kamar silifa. Iya ta leƙa ta taɓe baki ta ce, "'Yan ƙalilan ne, kowa harkar gabansa yake yi."

Sai Likita ya ɗauki kwalbata. Ya zare toshiyar, ta yi wata 'yar ƙara, fus. Ya ɗiga a sabon gilashi. Ya yarda da Malam har bai tsaya ya fara leƙawa da kansa ba. Ya ce a ba shi wadda ta fi kowa shekaru cikin mata ta zo ta shaida, don ba za ta ga komai ba sai haske. Kafin Malam ya gama juyawa Iya ta miƙe.

Ta kafa ido. Ta daɗe. Ta ɗago ta goge idon da bakin zane, ta sake kafawa.

"Ɗan nan," ta ce wa Malam, ba ta ko ɗago ba, "ka ce ba zan ga komai ba?"

"Haka ne, Iya."

"Kuma wannan ruwan gidanka ne? Na randarka?"

"Na randata ne."

Sai ta miƙe tsaye, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin ta ɗaurin aure.

"Jama'a, Allah ya karɓi addu'ata ina da rai! Na kogi ƙauye ne! Wannan tashar jirgi ce ranar da na Ikko ya haɗu da na Kano! Ba masaka tsinke! Wasu a dunƙule, wasu a jere kamar masu bin liman, wasu har da goyo!"

Wuri ya kaure. Layi ya watse, kowa na son ya gani. Likita ya ɗaga hannu, ya leƙa da kansa. Na ga jan fuskarsa ya ƙaru. Ya cire gilashin ya ɗauko wani, ya goge, ya sake ɗigawa, ya sake leƙawa. Ya dubi Malam. Mai tabarau ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya ɗora a gwiwa. Ko ni da ban yi boko ba na san ma'anar wannan. Duba-garin da aka samu kasuwa a randarsa, wace ƙofa zai sake yi wa sallama? Daga bayan ɗaki wata mata ta ce, "A je a kifar da tasa!" Wata ta ce, "Ni zan riƙe tocila!"

Malam ya leƙa madubin. Sannan ya ɗauki kwalbar ya kai hanci. Jema ba ta ɓuya, tsamin kamu ba ya ɓuya. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ɗago ya dubi wajen mata, sau ɗaya tak, idonsa ya sauka a kaina, ya ɗauke. Ya juya ya yi wa Likita magana da Turanci a hankali. Sannan, da yake tafinta ne mai amana, ya juyo ya faɗa wa jama'a da Hausa.

"Na gaya masa laifina ne. Ban wanke kwalbar ba."

Tsaya, 'yata, bar rubutun tukuna. To, ci gaba.

Mutumin da na gani da idona yana tafasa kwalbar nan da safe. Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ko ta wasa. Ya tsaya a gaban shugabansa da maƙiyansa ya ɗora wa kansa ƙazanta, abin da ya fi ƙi a duniya, don kada a ce matarsa ce. Ihu ya ƙaru. Mai tabarau ya fara rubutu.

A zamaninmu yarinya mai goyon fari ba ta buɗe baki a taron maza. Ko a gaban surukai ba ka jin muryarta, balle gaban Bature. Amma na ji in na bar alƙalamin nan ya kai ƙarshen layi, ba zan sake iya haɗa ido da Malam ba har abada. Na miƙe. Na ja mayafi na rufe fuska ruf, na juya wa maza baya, na kamo zanen Iya da ta dawo tana taka rawa.

"Iya, don Allah ki gaya musu ni ce."

"Ke ce me, 'yar nan?"

"Ya wanke kwalba. Ni na zuba tsamin kamu."

Iya ta tsaya da rawa. "Tsamin kamu? A ruwan gwaji? Don me?"

"Na zaci sha zai yi. Ba a ba baƙo ruwa tsura."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ita ma 'yar ƙauye ce kafin ta zama 'yar Kaduna. Na ga dariya da wani abu daban suna kokawa a fuskarta. Sai ta juya ta daka wa maza tsawa: "Ku yi mana shiru, masu gemun banza! Yarinya na da magana!"

Haka aka yi shari'ar: ni in raɗa wa Iya, Iya ta yi shela, Malam ya juya wa Likita da Turanci, gumi na bin wuyansa. Iya kuwa ba ta isar da saƙo yadda aka ba ta, sai ta sa masa gishiri. Na ce na sa zuma kaɗan, ta ce, "Ta ce zumar da ko mijinta ba ta ba!" Na ce na tace da kallabi, ta ce, "Sabo fil, na lefenta!" Malam ya juya duka, bai rage ko ɗaya ba.

Likita ya tambaya, da wane ruwa na jiƙa geron kamun? Na ce dafaffe, ba mu da wani. Iya ta ce, "Ta ce a gidansu ko kaza sai an dafa mata ruwa, kuma ni shaida ce, hayaƙinsu ya hana ni sakat!"

Sai Baturen nan ya tuntsire da dariya, har ya dafa tebur. Ya ɗauki kwalbar ya shinshina, ya nemi kofi aka rasa, ya kafa kai ya sha. Tsami ya kama shi, ya runtse ido ɗaya, wuyan nan na zalɓe ya yi sama ya yi ƙasa. Ya sake kurɓa. Ya yi magana, Malam ya juya da murya ƙasa-ƙasa: "Ya ce tun da ya fara yawon lacca, yau ne aka fara tunawa yana jin ƙishi. Ya ce a gode wa uwargida."

Daga nan lacca ta sauya hanya. Likita ya ce kuskuren nan ya fi abin da ya shirya amfani. Halittun nan ba duka ne mugaye ba. Waɗanda aka gani a kwalbata su ke sa nono ya yi tsami, su ke tayar da ƙullu. Ya tambayi sana'ar Iya, da aka gaya masa ya ce to ita ma su ke mata aiki kullum, in babu su wainarta ba za ta tashi ba.

Iya ta riƙe haɓa. "Ashe barori gare ni ban sani ba. Shekara talatin ba wanda ya taɓa neman lada." Sai ta juya kan Malam. "To tunda ana shan su, kai kuma me ya sa kake kifar mini da randa?"

Malam bai juya wannan da Turanci ba. Ya ɗauki farar kwalbar, ta kogi, ya miƙa mata. "Bismillah, Iya."

Ta ja da baya. "Mai gashin nan? Allah ya tsari gatari da noma!"

Sai na ji abin da ban taɓa ji ba: Malam ya yi magana mai tsawo, tasa ta kansa, ba ta Bature ba. Ya ce mata 'yan tsutsotsin da yake gani a randarta 'ya'yan sauro ne, kwana kaɗan su yi fiffike su tashi, su ne ke kawo zazzaɓin da ya kwantar da jikokinta da damina. Ya ce ba ruwanta yake ƙi ba. Da za ta rufe randar, ta riƙa wanke ta duk 'yan kwanaki, da ba zai sake taɓa ta ba.

Iya ta saurara har ya gama. Ta ce, "To ɗan nan, da bakinka ciwo yake yi? Shekara uku kana zubar mini da ruwa, wannan 'yar maganar ce ta gagare ka?"

Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Na saci kallon mai tabarau, na ga ya ja layi a kan abin da ya rubuta ya mai da littafin aljihu.

Muka kamo hanyar gida rana ta yi sanyi, shi a gaba ni a baya. Ni dai na gama ƙulle kayana a zuci, har na zaɓi abin da zan gaya wa uwata in na isa Rigachikun. Muka shiga gida. Ya zauna a kan turmi, da kakinsa da komai, ya cire hula ya dafe kai. Na ga kafaɗunsa na rawa. Na durƙusa na ce, "Malam, ka yafe mini." Ya ɗago, ashe dariya yake yi, har da hawaye. Ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar.

"Har da goyo," ya ce. "Amarya, kin ji ta? Wai har da goyo!"

Da ya lafa ya share ido ya ce, "Ƙaryar da na yi ɗazu, rabinta gaskiya ce. Laifin nawa ne. Na shiga gidajen mutane ba iyaka ban gaya wa mace ɗaya dalili ba, ashe har da ta gidana." Ya nuna mini tabarma. "Zauna. Kin san ƙasar nan da muke kai juyawa take yi?"

Na ce, "Iya ta ce ƙarya ne."

Ya ɗauko lemo da fitila. Har aka kira magariba yana juya mini lemo.

Tun daga ranar, duk laccar da aka yi sai ya dawo ya maimaita mini ita a tsakar gida, ni ina tankaɗe shi yana bayani, Iya kuma ta kan katanga tana gardama. Wasu na gane, wasu ban gane ba, maganar lemon nan ma har yau ina da 'yar shakka. Amma ruwa na ci gaba da dafa shi, kuma ban sake jin haushin itacen ba. A unguwa ya rage kifar da randa, don ya koyi tsayawa a zaure ya yi magana. Sunan da aka laƙaba masa dai bai goge ba: har ya yi ritaya, in ya wuce sai ka ji mata na cewa ga Sarkin Tasha nan. Wannan da ke rubutu kuwa, da ta isa shiga makaranta dangina suka ce a'a, ni na tsaya. Ta yi aikin jinya har ta gama, ga ta nan da furfurarta tana share hawaye tana ɓata mini takarda.

A ciwonsa na ƙarshe Malam ya daina cin komai. Wata rana da hantsi ya ce yana jin ƙishi. Na kawo masa ruwa a kofi, dafaffe, mai sanyi, yadda ya koya mini. Ya kurɓa ya kau da kai.

"Lami ne," ya ce. "Amarya, baƙo ne ni yanzu, na kusa tafiya. Sa mini 'yan tashar nan."

Na je na tsiyayo tsamin kamu, na ɗiga zuma, na sa jema. Na tallafo kansa ya shanye tas, ya runtse ido ɗaya kamar yadda Baturen ya yi, don ya ba ni dariya. Na yi masa dariyar. Shi ne abu na ƙarshe da ya shiga cikinsa.

Abin da ranar nan ta koya mini, ku 'yan boko ku riƙe shi. Ilimin da aka tara a ɗakin taro, in bai iso wurin mai riƙe da moɗa ba, bai je ko'ina ba. In za ka sa mutum abu, gaya masa dalili, ko da kana ganin ba zai gane ba; in ka bar shi a duhu zai cika maka kwalba da iyakar abin da ya sani, kuma ba laifinsa ba ne. Ni an gaya mini dalili, an ci gaba da gaya mini shekara hamsin. Yanzu in la'asar ta yi, tsakar gidan nan shiru, ba mai yi mini bayanin komai.

Rufe littafin haka. Ki duba tukunya, ina jin ruwan ya tafasa.